Yadda nake haɗa ƙaramar motar roba in yi mata fenti a nan Zariya, mataki-mataki

Duk wanda ya shigo ɗakina ya ga 'yar Land Cruiser ɗin nan da ke kan kanta sai ya tambaya a ina na saya, in na ce ni na haɗa sai a bi ni da kallo kamar na faɗi ƙarya. Wani abokina ma cewa ya yi, "Malam, ai wannan langa-langa ce ta masu kuɗi", kuma wallahi bai yi nisa da gaskiya ba, don duk wanda ya yi motar kara ko ta gwangwani yana yaro zai iya wannan. A kwali take zuwa gutsi-gutsi, roba ce zalla ba launi, kai za ka yanka ka goge ka manna ka fesa. Tambayoyin sun yi yawa, kullum maimaita magana ɗaya nake, shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya yadda nake yi da kayan da ake samu a garin nan. Abu biyu ne ke kashe mota a Zariya, ƙura da gaggawa, za ka ga ina ta dawowa kansu.

1. Zaɓen mota da sayenta

A jikin kwalin za ka ga an rubuta 1/24 ko 1/25. Ma'anarsa an rage motar gaske sau 24, wato mota mai tsawon mita 4.8 za ta dawo santimita 20, daidai tafin hannu da 'yan kai. Kamfanonin Japan irin su Tamiya, Aoshima, Fujimi da Hasegawa 1/24 suke yi, na Amurka irin su AMT sun fi yin 1/25. Ga sabon shiga ni Tamiya nake cewa, ba don talla ba, sai don kayansu na shiga juna ba sai ka yi ta dambe da su ba, takardar bayanin ma zane ne ko ba ka jin Turanci za ka gane.

Kar ka fara da motar tsere mai sitika ɗari a jiki, kuma kar ka fara da wadda za ka yi wa baƙin fenti, baƙi ba ya rufa asiri, ko ƙwayar ƙura ɗaya sai ya nuna. Nemi mota mai launi ɗaya, irin Volkswagen kunkuru ta 1966 da Tamiya ke yi, ko wata wadda bonet ɗinta a rufe yake ba injin a ciki, aikinta ya fi sauƙi sosai.

Kuɗi: kwalin kansa yawanci tsakanin dala 25 zuwa 40 ne, amma kuɗin kawowa kan kai kuɗin motar ko ya fi, to in kana da ɗan uwa mai dawowa daga waje gara ka roƙe shi ya jefo maka a jaka, ko ku haɗu ku uku ku yi oda ɗaya.

Gargaɗi: kar ka ce a taho maka da gwangwanin fenti na fesawa ko gam na ruwa a jirgi, kaya ne masu kama wuta, a filin jirgi za a karɓe. Fenti mai haɗin ruwa irin Vallejo ya fi sauƙin zuwa. Sannan ka duba gefen sitiyari, motocin Japan da yawa a dama yake, mu kuma tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu, wasu kwalayen na zuwa da dashbod biyu ka zaɓa, wasu ɗaya ne tak.

2. Kayan aiki

Kusan komai akwai shi a gari in ka san inda za ka leƙa. Shagunan kayan zane na wajen Samaru, inda ɗaliban zane da na tsara gine-gine na ABU ke sayayya, nan za ka samu 'yar wuƙar yanka takarda, ƙananan burushi lamba 0 da 2, da fentin zane na ruwa. Wajen masu sayar da fentin mota a Sabon Gari ka ce a ba ka samfefa ta ruwa, lamba 600, 1000, 1500 da 2000, falle ɗaya-ɗaya ya ishe ka mota uku, ka haɗa da maskin tef da firama na gwangwani, wato fentin share fage da ake fara fesawa kafin launi, da kiliya, wato fenti marar launi da ake rufe launin da shi don ƙyalli. A kemis ka sayi rezar tiyata lamba 11, safar hannu, da tsinken goge kunne. Sauran a gida suke: tsinken sakace, abin yanke farce, hantsaki, tsohon burushin goge baki, hangar waya, cokulan roba farare irin na biki, da babbar roba mai murfi wadda motar za ta shiga ta zauna ba ta taɓa gefe ba. Wannan robar kar ka raina ta, ta fi burushi mai tsada amfani.

Abu ɗaya da na ce ka kashe wa kuɗi in da hali shi ne 'yar filayar yanke roba mai baki a shafe, da gam na ruwa na Tamiya Extra Thin mai koren murfi. In babu, abin yanke farce zai yi, gam kuma zan faɗi dabara a gaba. Injin feshi na hannu da kwampreso ka bar shi tukuna, sai ka gama mota biyu uku ka tabbatar abun ya shiga ranka, ga kuma batun wuta.

3. Buɗe kwali, karatu, wanki

Kar ka yanke komai ranar farko. Zauna ka bi takardar daga farko har ƙarshe, ka sa alamar fensir a kan duk abubuwan da launinsu ɗaya ne da bodi, kamar madubi, bamba, bonet, don tare za ka fesa su, in ka manta ɗaya ka zo fesawa daga baya da wuya launin ya zo daidai. Gilashin ka bar shi cikin ledarsa ka ajiye gefe, takardar sitika kuma ka sa ta cikin littafi, danshi ne maƙiyinta.

Sai wanki: ruwa mai ɗumi kaɗan da ɗigon sabulun wanke-wanke, ka bi da tsohon burushin goge baki, ka ɗauraye ka bar shi ya bushe da kansa a inuwa. Ba ruwan zafi ba, ba rana ba, robar nan lanƙwashewa take kuma in ta lanƙwashe ta tafi kenan. Ka toshe rariya ko ka yi a cikin roba, akwai gutsuren da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

4. Yanka da goge

Ko wane gutsure a maƙale yake da firam na roba da lamba a gefensa. Kar ka murɗa ka fizge, zai bar rami ko farin tabo. Yanka sau biyu ake yi, na farko nesa da jikin kayan ka bar ɗan tsini, na biyu ka bi da reza a hankali ka share tsinin, sai samfefa 600 sannan 1000. Kuma abun da matakin da kake kai ya nema kawai za ka cire, don in ka zube su duka a faranti lambar ta ɓace, na hagu da na dama kuma kamarsu ɗaya.

Za ka ga wani siririn layi a jikin kayan inda ƙarfen zubi biyu suka haɗu, a bodi yakan bi ta saman fitila ya gangara ta gefen rufi har baya. Wannan babu shi a motar gaske, sai ka kankare shi da gefen reza ka bi da samfefa. In ka bar shi, fenti ba ya ɓoye shi, ƙara fito da shi yake.

Kafin gam ya taɓa komai, gwada haɗawa a bushe. Bodi a kan cesis, wato ƙashin ƙarƙashin motar, gilashi a cikin bodi, bamba a wurinsa. Duk gyaran da za ka yi yanzu ne yake da arha.

5. Bodi da firama

Takardar za ta ce ka fara da injin ko ƙarƙashi, bodi a ƙarshe. Ni dai da bodi nake farawa, saboda shi ne ke cin kwanaki yana bushewa, kafin ya bushe na gama sauran.

Bi layukan ƙofa da bonet da but da bayan tsinin reza sau biyar shida ba tare da dannawa ba, don su ƙara zurfi kar fenti ya cike su. Goge bodin gaba ɗaya da 1000 da ruwa har ƙyallin robar ya dushe, ka sake wankewa, daga nan kar yatsanka ya ƙara taɓa shi sai da safar hannu, maiƙon hannu na sa fenti ya tsere ya bar ɗan rami-rami. Lanƙwasa hangar waya ta shige cikin bodin ta tokare daga ciki, ka ɗaure da tef, ita ce mariƙinka.

Firama ruwan toka ne ya fi nuna aibi, amma in launin da za ka fesa fari ne ko ja ko rawaya, sai farin firama a ƙasa ko kuma launin ya fito a dafe. Feshi biyu marasa kauri sun isa. Bar shi kwana ɗaya, ka duba a haske, duk inda ka ga layi ko rami ka gyara ka ƙara fesawa, sai ka shafe shi sama-sama da 1500 da ruwa har ka ji yana santsi.

Gargaɗi: takunkumin asibiti ƙura kawai yake tarewa, ba ya tare tururin tina, wato ruwan sirka fenti. A waje za ka yi feshi ko a buɗaɗɗen wuri, nesa da murhu da risho da janareto, kuma yara su matsa. In za ka daɗe a harkar ka sayi takunkumi mai gwangwanin tacewa irin na masu fentin mota.

6. Fenti

Nan ne ake kuka, to bari in zauna a kai.

Farko dai gwaji. Fentin gwangwani na kasuwa an yi shi ne don ƙarfe da katako, tinan da ke cikin wasu yana da zafin da zai ci robar mota. Motata ta biyu haka ta mutu, na sayo wani jan gwangwani mai arha, ban sa firama ba, na fesa da kauri don ina ɗokin in ga ƙyalli, kafin minti biyar rufin ya yamutse kamar fatar ƙadangare, kuma ba fentin ba ne ya yamutse, robar ce da kanta. Tun daga ranar ba na fesa komai a mota sai na gwada a bayan cokalin roba, irin robarsu ɗaya galibi. Ka yi wa cokalin duk abun da za ka yi wa motar, firama, launi, kiliya, da tazarar lokaci iri ɗaya. In cokali ya tsira mota za ta tsira.

Na biyu, wane fenti ke hawa kan wane. Mai tina mai zafi, irin na mota da gwangwanin Tamiya masu lambar TS, shi ke zama a ƙasa. Fentin mai da mai haɗin ruwa suna iya hawa kansa lafiya. Amma in ka juya, ka ɗora mai zafi a kan fentin mai, zai tayar da shi ya tattare. Mafi sauƙi ka sayi firama da launi da kiliya na kamfani ɗaya.

Na uku, lokaci. A Zariya lokacin da ya fi daɗin feshi shi ne kaka, daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba. Da hunturu ƙura ce a iska ko ba ka ganinta, ga robar in ka goge ta da busasshen tsumma sai ta riƙa jawo ƙura kamar maganaɗisu, to da ɗanyen tsumma za ka share, ka yayyafa ruwa a ƙasan wurin ka jira ƙura ta kwanta, kuma kar ka sa rigar sanyi mai gashi. Da bazara, Maris da Afrilu, fentin na bushewa a iska kafin ya sauka, sai ya fito da kurji-kurji kamar ɓawon lemu, don haka da sassafe za ka yi, kafin ƙarfe tara. Da damina kuma, musamman marka a Agusta, danshi na sa fenti ya yi fari-fari kamar an hura masa numfashi, sai ka jira ranar da rana ta fito sosai ka yi da hantsi ko azahar, ba bayan an ɗauke ruwa ba.

Yanzu feshin kansa. Tsoma gwangwanin cikin ruwa mai ɗumin da hannunka zai iya zama a ciki, minti biyar, ba tafasasshe ba kuma kar ka kuskura ka kai shi kusa da wuta, fashewa yake. Goge ruwan jikinsa, girgiza shi minti biyu cur, ba sau uku ka ce ya isa ba. Tazara tsakaninka da motar kamar taƙi ɗaya. Fara dannawa kafin ka iso motar, ka wuce ta a tafiya ɗaya, ka saki bayan ka wuce, kar ka fara ko ka tsaya a kanta don nan yake tofar da ɗigo.

Feshin farko yayyafi ne kawai, har kana hango firama ta ciki, zai yi muni kuma haka ake so. Jefa ta cikin robar nan mai murfi, minti 15. Na biyu ma haka. Na uku ma. Sai na huɗu ne za ka ɗan rage sauri har ka ga jikin ya jiƙe yana ƙyalli, da ka ga haka ka tsaya, ƙarin da zuciyarka ke ce maka ka yi shi ne zai zubo ya yi hawaye a ƙofa. Fara da lunguna, ƙasan ƙofa da bakin taya, ka ƙare da rufi da bonet.

In ƙura ko gashi ya faɗa, kar ka sa hannu ko hantsaki a ɗanyen fenti, na san da wuya amma ka daure. Bari ya kwana, ka goge wurin da 2000 da ruwa, ka ƙara feshi ɗaya. Hawaye ma haka, sai dai shi kwana biyu uku yake so don cikinsa ya daɗe bai bushe ba. Fenti mai ƙyalƙyalin ƙarfe, irin silba, in ka goge shi tabo yake yi, dole ka sake fesa launi a kai kafin kiliya.

Robar bushewa ka share cikinta da ɗanyen tsumma, ka huda ƙananan ramuka a gefe ka rufe da ƙyalle don tururi ya fita. Ka bar motar kwana biyar zuwa mako. Gwajin da nake yi shi ne hanci, in har tana warin fenti ba ta gama ba.

In abun ya ɓaci gaba ɗaya amma robar ba ta ci ba, jiƙa bodin cikin man birki kwana ɗaya ko biyu, ka goge da burushi da safar hannu, ka wanke da sabulu sosai ka koma mataki na 5. Kar ya wuce haka a ciki don yana sa roba ta yi saurin karyewa. Tinan mota ko fetur kuwa kar ka gwada, narkar da ita za su yi.

7. Ƙarƙashi, injin da ciki

Gam na ruwa ba manna abu yake ba, narkar da fuskar robar yake su zama ɗaya. Haɗa gutsuren biyu tukuna, ka taɓa bakin haɗin da ɗan burushin, shi zai bi layin da kansa, ka riƙe daƙiƙa 20. Kar yatsanka ya kasance a kan layin, zai bi ƙarƙashinsa ya buga maka zanen yatsa a jikin roba. In ba ka samu na Tamiya ba, tinan fentin mota da ƙaramin burushi na yin kusan wannan aikin, gwada a guntun firam ka ga ko ya kama. Sufa gulu ma na yi, ɗigo a kan takarda ka ɗiba da tsinken sakace, ba daga bakin kwalba ba.

Gam ba ya kama fenti kuma ba ya kama kurom, wato rufin silba mai ƙyalli da wasu gutsuren ke zuwa da shi. Duk inda za a manna sai ka kankare har roba ta fito.

Ƙarƙashin mota ba baƙi ɗaya ba ne, leƙa ƙarƙashin mota a garejin bakanike ka gani. Cesis baƙi mai ɗan ƙyalli, irin X-18 na Tamiya, roba da tiyo baƙi marar ƙyalli, XF-1, salansa da giyabos ruwan ƙarfe. Da burushi, sirka fentin ya yi kamar madara, shafa biyu ko uku marasa kauri, kar ka koma kan wurin da ya fara bushewa don zai kwaso shi. Ka fenta ƙananan kaya a kan tsinken sakace ka soke a guntun soso.

Ciki kuma kujeru da dashbod marasa ƙyalli suke so. Bel ɗin kujera siririn maskin tef ne da aka yi wa baƙi, maɓallan dashbod tsinin tsinke da ɗigon silba. Tayoyin ka murza bayansu a kan samfefa 600 layin tsakiya ya tafi, nan take za su daina kama da na wasan yara. Wannan matakin ba wuya, daɗi ne ma, da dare bayan isha nake yin sa da fitilar caji.

8. Sitika

Irin na ruwa ne. Yanke ɗaya, tsoma a ruwa mai ɗumi daƙiƙa 10, ɗora a kan tishu ka jira har ya fara zamewa da kansa a kan takardarsa, kar ka tilasta. Jiƙa wurin da zai zauna, zame shi daga takardar kai tsaye zuwa jikin motar, gyara zamansa da jiƙaƙƙen burushi, sai ka mirgina tsinken goge kunne daga tsakiya zuwa gefe ruwan ya fita. A kan fenti mai santsi kawai yake kwanciya, in wurin ba ƙyalli iska na maƙalewa a ƙarƙashi ya yi fari-fari. Wanda ya hau lanƙwasa akwai ruwan laushi irin Micro Sol ko Mark Fit, in ka shafa zai yamutse kamar ya lalace, ƙyale shi, da kansa zai miƙe. Ba shi kwana biyu.

9. Kiliya da gogewa

Kiliya ma fenti ne, duk dokokin mataki na 6 na nan. Sai dai a kan sitika ka ninka haƙuri, yayyafi uku masu nisa kafin ka jiƙa, don mai zafi na cinye sitika in ya sauka da yawa lokaci guda. Mako guda a roba.

Bayan nan in kana son ƙyalli irin na madubi, samfefa 2000 da ruwa, a hankali, har kurjin ya kwanta jikin ya dushe bai ɗaya. Za ka ji kamar ka ɓata aikin mako biyu, ba ka ɓata ba. Sai man goge fenti mai laushi na masu fentin mota a kan tsohuwar singileti, ko farin man goge baki in babu, ka yi ta murzawa har ƙyalli ya dawo. Gargaɗi: kusurwa da bakin ƙofa fenti ba kauri a nan, goga biyu ka ga firama ta leƙo, to ka rufe su da siririn tef ko ka kauce musu gaba ɗaya. Mota ta farko ma in fentin ya kwanta lafiya ni sai in ce ka tsallake samfefar, man kawai ya isa.

10. Gilashi, fitilu da 'yan kwalliya

Sufa gulu da gilashi ba sa ga maciji, tururinsa na barin farin hazo da ba ya fita, gam na ruwa kuma narkar da shi zai yi. Farin gam na kafinta irin Top Bond za ka sa da tsinke, in ya bushe ba a ganinsa, in ya fito ka share da ɗanyen tsinken kunne. Fitilu ma haka.

Baƙin gefen gilashi ta ciki ake yi, wasu kwalayen na zuwa da tef ɗinsa a yanke, in babu ka bi da baƙin alƙalamin maka a hankali. Robar gefen taga a jikin bodi kuma sai ka kafa tef, ka danne bakinsa da tsinke, ka shafa fenti kaɗan-kaɗan daga kan tef zuwa waje, ka cire tun bai gama bushewa ba. Maskin tef na kasuwa gam ɗinsa na da ƙarfi, manna shi a bayan hannunka sau biyu kafin ya hau mota, kuma kar ya kwana a jiki da zafin nan.

Fitilar baya ja mai ganin ciki, X-27, tirafiketa X-26, ko maka ja da ruwan lemu ta ciki, ka sa takardar alminiyam ta cikin kwalin shayi a baya ta riƙa ɗaukar ido. Layukan ƙofa kuma fentin zane na ruwa da ɗigon sabulu, ka taɓa da siririn burushi ya bi ramin, in ya bushe ka share abun da ya fito. Farar mota ruwan toka za ka sa mata ba baƙi ba, baƙi na sa ta zama kamar zanen katun.

Lambar mota ni tawa nake yi, in tsara a kwamfuta da ZAR na Zariya a gaba, in kai a buga min a takarda mai ƙyalli, faɗinta santimita ɗaya da 'yan kai. Land Cruiser ɗin ma har ƙura na yi mata da gangan, jar ƙasa na tankaɗe da rariyar laushi na shafa da busasshen burushi a ƙasan ƙofofi da bayan taya kamar ta dawo daga ƙauye, bayan na kwashe mako uku ina yaƙi da ƙurar nan.

11. Haɗawar ƙarshe da ajiya

Wanke hannu, shimfiɗa tsumma mai laushi, share cikin gilashi tun kafin ka rufe don bayan nan ba hanya. Ɗan buɗa gefen bodin kaɗan ka zura cesis, yawanci baya ke fara shiga. Ajiye ta a kan gilashi ko tayil ka ga ko taya huɗun duk sun taɓa ƙasa tun gam bai kama ba. Madubi, waifa da eriya su ne na ƙarshe, in ka sa su da wuri sau uku za ka karya.

Kar ka ɗora ta a dashbod ɗin motarka don ado, rana ɗaya ta Afrilu ta isa ta mayar da ita kamar alewa, bakin taga ma haka. Masu aikin gilashi da alminiyam za su yanka maka ɗan akwati santimita 25 a 12 a 12 da ragowar gilashin da ke wurinsu, kuɗin ba yawa. Ka ɗora can sama inda hannun yara bai kai ba, don su a wurinsu mota mota ce, turawa za su yi. Sharewa kuma ba da tsumma ba, burushin hoda na mata ya fi komai laushi, amma ka sayi naka daban, ni na uwargida na ɗauka ranar farko kuma har yau ana tuna min.